Ta yaya mata suka sa aka haramta giya a Amurka alhali ba su da ƙuri'a?

Hauwa'u Salisu:

Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma ina shirya darasi a kan yadda matan ƙasashen Yamma suka fara shiga harkokin siyasa. A cikin karatun da nake yi na sha cin karo da maganar cewa mata ne suka sa aka haramta giya a Amurka, har wasu marubutan suna faɗin haka kamar abin da ba ya buƙatar hujja. Amma da na jera shekarun sai lissafin ya ƙi fita. Gyara na 18 da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya haramta yin giya da sayar da ita da safararta, ya samu amincewar jihohi a watan Janairu na 1919, ya kuma fara aiki a watan Janairu na 1920. Gyara na 19, wanda ya bai wa mata 'yancin kaɗa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar, bai samu amincewa ba sai a watan Agusta na 1920. To ta yaya waɗanda ba su da ƙuri'a suka iya sauya kundin tsarin mulki? Sannan kuma mene ne ya fitar da matan wancan zamani, waɗanda al'adarsu ta ce wurin mace shi ne cikin gida, har suka je suka tsaya a ƙofar mashaya? Ina roƙon malamai da suka yi nazarin wannan fanni su warware mini, domin ba na son in koya wa ɗalibai abin da ni kaina ban gamsu da shi ba.

Malam Isiyaku Ladan:

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Zan fara da tambayarki ta biyu, domin amsar ta farkon a cikinta take.

A wajajen 1830 Ba'amurke baligi yana shan abin da ya kai kimanin galan 7 na tsantsar sinadarin maye a shekara, wato kusan ninki uku na abin da ake sha a ƙasar yanzu. Mashaya kuwa wurin maza ce, mace mai mutunci ba ta shiga. Sai ki haɗa wannan da dokar auren da suka gada daga Ingila, wadda a ƙarƙashinta matar aure ba ta da ikon mallakar dukiya da sunanta, albashinta idan tana aiki na mijinta ne, kuma idan aure ya mutu 'ya'ya na uba ne. Ma'ana, idan magidanci ya karɓi ladan aikinsa ranar Asabar ya biya ta mashaya ya ƙarar da shi, sannan ya dawo gida da duka, matarsa ba ta da inda za ta kai kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa tun da aka fara kafa ƙungiyoyin yaƙi da shan giya a shekarun 1820 mata suka cika su, duk da cewa maza ne ke shugabanci.

A 1852 aka yi wani taro na irin waɗannan ƙungiyoyi a Albany ta jihar New York. Susan B. Anthony, wadda a lokacin malamar makaranta ce da ta bar koyarwa, ta miƙe za ta yi magana, sai shugaban taron ya shaida mata cewa an gayyaci mata ne domin su saurara su ƙaru. Ta fice, kuma a wannan shekarar ita da Elizabeth Cady Stanton suka kafa ƙungiyar mata ta jihar. Stanton ta nemi a bai wa mace damar rabuwa da miji mashayi, abin da ya tsorata mutane da yawa har ta rasa shugabancin ƙungiyar a shekara mai zuwa. Daga nan su biyun suka karkata ga neman ƙuri'a, domin sun lura cewa 'yan majalisa ba sa ɗaukar takardar koken da mata suka sa wa hannu da wani muhimmanci.

Babban abin da ya sauya lamarin ya faru ne a ƙarshen 1873. Wani mai yawon lacca da ake kira Dio Lewis ya yi jawabi a garin Hillsboro na jihar Ohio ranar 23 ga Disamba, inda ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa da ƙawayenta suka taɓa rufe wata mashaya da addu'a kawai. Washegari mata kimanin 70 suka taru a coci, suka zaɓi Eliza Thompson ta jagorance su. Ita Eliza 'yar tsohon gwamnan jihar ce kuma matar alƙali, saboda haka babu mai iya cewa 'yan tasha ne suka fito. Suka jera biyu biyu suna rera waƙoƙin coci, suna shiga shagunan sayar da magani da otal-otal da mashayu, suna durƙusawa suna addu'a, suna roƙon mai wurin ya sa hannu a takardar alkawarin daina sayarwa. Inda aka hana su shiga sai su durƙusa a bakin ƙofa cikin ƙanƙara, su wuni a nan, wasu daga cikinsu kuma suna rubuta sunan duk namijin da ya shiga. A ƙaramin gari da kowa ya san kowa, wannan rubuta suna ya fi addu'ar kashe ciniki.

Cikin 'yan watanni abin ya bazu zuwa ɗaruruwan garuruwa. An watsa wa wasu ruwa, an saki karnuka a kan wasu, a Cincinnati ma an kama mata 43 bisa zargin tare hanya. Dubban mashayu sun rufe, amma yawancinsu sun sake buɗewa da zarar matan sun koma gida, kuma wannan ne darasin da suka koya: alkawarin da aka yi saboda kunya ba ya daɗewa idan babu doka a bayansa. Don haka a watan Nuwamba na 1874 suka hallara a Cleveland suka kafa Ƙungiyar Mata Kiristoci Masu Yaƙi da Shan Giya, wadda aka fi sani da WCTU, ƙarƙashin Annie Wittenmyer. Ƙungiya ce ta mata zalla, su ke shugabanci, su ke riƙe baitulmali, su ke rubuta jaridarta, kuma alamarsu ɗan farin ƙyalle ne da suke maƙalawa a ƙirji.

Hajiya Rabi Tanko:

Allah ya saka wa Malam Isiyaku da alheri. Zan ɗora daga inda ya tsaya, domin a ganina ba za a fahimci amsar tambayarki ba, 'yar'uwa, sai an tsaya a kan Frances Willard.

Willard ta taɓa zama shugabar sashen mata a Jami'ar Northwestern da ke Evanston, kuma ta karɓi shugabancin WCTU a 1879 bayan ta kayar da Wittenmyer, ta riƙe shi har rasuwarta a 1898. Saɓanin da ke tsakaninsu a kan ƙuri'a ne. Wittenmyer tana ganin aikinsu addu'a ne da wa'azi da jan hankali, siyasa kuwa za ta ɓata musu suna. Willard ta ce a'a, amma ta san cewa matan coci na ƙananan garuruwa suna ƙyamar masu fafutukar 'yancin mata, suna ganin su a matsayin masu son rushe aure. Sai ta sauya wa ƙuri'ar suna, ta kira ta ƙuri'ar kare gida. Hujjarta ita ce, idan har an yarda cewa tarbiyyar 'ya'ya da tsaron gida aikin mace ne, to dole a ba ta makamin da za ta hana a buɗe mashaya a kan hanyar da ɗanta yake bi zuwa makaranta. Da wannan dabara ta jawo dubban mata masu ra'ayin riƙau zuwa ga abin da a da ba za su ko saurare shi ba. Zuwa 1890 ƙungiyar tana da mambobi kimanin 150,000, kuma babu wata ƙungiyar mata a ƙasar da ta kai ta girma, har da ƙungiyoyin neman ƙuri'ar kansu.

Manufarta ta biyu ita ce a taɓa komai. Reshen kowane gari yana da 'yancin zaɓar aikin da ya dace da shi, saboda haka wasu suka buɗe makarantun renon yara, wasu suka riƙa ziyartar gidajen yari suna neman a sa mata su riƙa kula da fursunoni mata, wasu suka gina wuraren shan ruwa kyauta a tsakiyar gari domin kada ƙishirwa ta zama dalilin shiga mashaya. Sun kuma matsa wa majalisun jihohi lamba har aka ɗaga shekarun da doka ta ɗauka yarinya ta isa ta ba da yardarta ga namiji, waɗanda a jihohi da yawa 10 ne ko 12 kacal. Zuwa 1896, daga cikin sassan aiki 39 na ƙungiyar, 25 ba su shafi giya kai tsaye ba. A nan ne matan suka koyi jagorantar taro, da rubuta daftarin doka, da tara kuɗi, da tsayawa gaban 'yan majalisa.

Wadda nake ganin ba a cika ba ta haƙƙinta ba ita ce Mary Hunt, kuma ke da kike malamar makaranta za ki fi kowa gane nauyin abin da ta yi. Ta bi jihohi ɗaya bayan ɗaya tana neman a wajabta koyar da illar giya a makarantun gwamnati, har zuwa 1901 babu jihar da ba ta da irin wannan doka. Ta kuma samu ikon tantance littattafan da za a yi amfani da su, ta yadda mawallafin da bai samu amincewarta ba kasuwarsa takan yi wuya. Gaskiya ne cewa wasu daga cikin littattafan sun cika da ƙari da tsoratarwa da likitocin zamanin suka soka. Amma ki lissafa: yaron da ya zauna a ajin firamare a 1890 shi ne magidanci mai ƙuri'a a 1917, wani ma shi ne ɗan majalisar. Matan ba su kaɗa ƙuri'a ba, sun dai raini waɗanda suka kaɗa ta.

Aikin bai tsaya a Amurka ba. Mary Clement Leavitt ta fita a 1884 ta shafe shekaru tana zagaya duniya tana kafa rassa, aka samu reshe a Tokyo a 1886 ƙarƙashin Yajima Kajiko, a Birtaniya kuma Lady Henry Somerset ta zama babbar abokiyar aikin Willard. Inda abin ya fi ba da 'ya'ya shi ne New Zealand. Kate Sheppard, wadda ke kula da sashen neman ƙuri'a na reshen ƙasar, ta tattara sa hannun mata kusan 32,000 a 1893, kuma duk da adawar masu sana'ar giya, a watan Satumba na wannan shekarar ƙasar ta zama ta farko mai mulkin kanta da ta bai wa mata ƙuri'a. Abin sha'awa shi ne matan New Zealand sun samu ƙuri'ar, amma haramcin giya na ƙasa baki ɗaya bai taɓa tabbata a can ba.

Hauwa'u Salisu:

Na gode ƙwarai, Hajiya. Maganar Mary Hunt ta buɗe mini ido. Sai dai Willard ta rasu shekara 21 kafin a amince da gyaran, to wa ya ƙarasa aikin? Sannan ina Carry Nation mai gatari take a cikin wannan labari, tunda hotonta ne nake fara gani duk lokacin da na bincika batun a intanet?

Malam Bello Garba:

Malama Hauwa'u, shakkar da kika fara da ita tana kan hanya, kuma zan ɗan saɓa wa Hajiya Rabi cikin girmamawa, domin bayaninta zai iya sa ɗalibai su ɗauka cewa mata ne suka kai dokar gaci. A ranar da majalisar dokokin Amurka ta zartar da gyaran a watan Disamba na 1917, mace ɗaya ce tak a cikinta, Jeannette Rankin ta Montana. Wadda ta ƙarasa aikin ƙungiya ce ta maza, wato Ƙungiyar Yaƙi da Mashayu da aka kafa a Oberlin ta Ohio a 1893, kuma lauyanta Wayne Wheeler shi ne ƙashin bayanta. Tsarinsu kishiyar na Willard ne. Magana ɗaya suka riƙe, ba ruwansu da jam'iyyar ɗan takara, ba ruwansu ma da ko yana sha a gidansa, muddin zai kaɗa ƙuri'ar haramci a majalisa. Wanda ya ƙi kuwa sai su haɗa masa 'yan coci su kayar da shi, kamar yadda suka yi wa gwamnan Ohio Myron Herrick a 1905.

Akwai kuma abubuwa biyu da babu hannun kowace ƙungiya ta mata a cikinsu. Kafin 1913 harajin giya yana samar da kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, saboda haka babu gwamnatin da za ta yanke wa kanta wannan jijiya. Da aka halatta harajin kuɗin shiga a wannan shekarar sai wannan uzuri ya faɗi. Sannan yaƙin duniya na ɗaya ya zo, manyan masu kamfanonin giya irin su Pabst da Busch kuwa 'yan asalin Jamus ne, sai aka mayar da shan giyarsu tamkar taimakon abokin gaba. Zan dai yarda cewa jihohi da dama, musamman na yamma, sun riga sun bai wa mata ƙuri'a kafin 1919, kuma kamfanonin giya sun zuba kuɗi domin hana yaɗuwar hakan, wanda ke nuna sun san inda haɗarin yake. Idan aka ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ba a yi wa tarihin ƙarya ba, amma gardin ma ya yi aiki.

Carry Nation kuwa hoto ne ya ɗaukaka ta. Mijinta na farko likita ne da giya ta kashe, ya bar ta da jaririya. A Kansas take zaune, jihar da ta haramta giya tun 1881 amma mashayu suna ciniki a fili, shi ya sa da ta farfasa mashayun Kiowa da duwatsu a 1900 hujjarta ita ce tana rushe abin da doka ta riga ta haramta. Daga baya ta koma amfani da ƙaramin gatari, an kama ta fiye da sau 30, tana biyan tara da kuɗin lacca da na 'yan ƙananan gatura na ado da take sayarwa. Shugabannin WCTU na ƙasa ba su saki jiki da ita ba, kuma ta rasu a 1911.

Abu na ƙarshe da nake roƙon kada a ɓoye wa ɗalibai shi ne tabon da ke jikin wannan gwagwarmaya. Domin ta samu goyon bayan fararen matan kudu, Willard ta yarda rassa su kasance a ware bisa launin fata, kuma a wata hira ta 1890 ta siffanta baƙaƙen fata da kalmomin ƙasƙanci, tana nuna su a matsayin barazana ga mata farare. 'Yar jarida Ida B. Wells, wadda ke yaƙi da kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba, ta tona wannan magana a Ingila a 1894, aka yi ta cacar baki a jaridu. Duk da haka baƙaƙen mata irin su Frances Harper da Lucy Thurman sun yi aiki a cikin ƙungiyar shekara da shekaru, suna fama da giya a waje suna fama da wariya a ciki.

Hajiya Rabi Tanko:

Na karɓi gyaran Malam Bello a kan wanda ya kai dokar majalisa, ko da yake ina nan a kan cewa Wheeler ya girbi gonar da wasu suka shafe shekara 40 suna nomewa. Abin da nake son in ƙara shi ne labarin bai ƙare a 1920 ba, kuma sauransa ya fi rikitar da mai son ya ce "mata sun so kaza".

Wadda aka ɗora wa nauyin gurfanar da masu karya dokar mace ce, Mabel Walker Willebrandt, mataimakiyar babban lauyan gwamnatin tarayya daga 1921 zuwa 1929. Ita ce ta dage a kan cewa kuɗin haram ma ana biya masa haraji, Kotun Ƙoli ta amince da hakan a 1927, kuma ta wannan ƙofa aka bi aka ɗaure Al Capone, shugaban gungun masu fasa-ƙwaurin giya, a 1931. Bayan ta bar ofis ta zama lauyar wani kamfanin California mai sayar da ruwan inabi da ke iya rikiɗewa ya zama giya a cikin gida, abin da ya jawo mata habaici mai yawa.

Wadda ta jagoranci rushe dokar ita ma mace ce. Pauline Sabin, attajira daga New York kuma mace ta farko da ta wakilci jihar a kwamitin ƙoli na jam'iyyar Republican, da farko ta goyi bayan haramcin saboda 'ya'yanta maza. Abin da ya juya ta shi ne munafuncin 'yan siyasar da ke kaɗa ƙuri'ar haramci da rana su nemi giya a teburinta da dare, sai kuma jin shugabar WCTU ta lokacin, Ella Boole, tana iƙirarin cewa da yawun dukkan matan Amurka take magana. A watan Mayu na 1929 Sabin ta kafa ƙungiyar mata masu neman a sauya dokar a Chicago, kuma makamin da ta ɗauka shi ne na Willard, wato kare gida. Ta ce a da mai mashaya yana tsoron sayar wa yaro giya domin kada a ƙwace lasisinsa, amma mashayar ɓoye ba ta da lasisin da za ta rasa, don haka yara sun fi shiga haɗari a ƙarƙashin haramcin. Zuwa 1933 ƙungiyarta ta ce tana da mambobi kimanin miliyan ɗaya da rabi, fiye da na WCTU nesa ba kusa ba, kuma wannan ya cire wa 'yan majalisa tsoron cewa duk wanda ya taɓa dokar mata za su kayar da shi. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta sa gwamnati ta sake kwaɗayin harajin giya, aka soke gyara na 18 ranar 5 ga Disamba 1933 lokacin da Utah ta zama jiha ta 36 da ta amince da sokewar.

Idan ni ce ke, 'yar'uwa, zan rubuta wa ɗalibai hujjar Willard da ta Sabin a kan allo ba tare da suna ko shekara ba, in ce su gaya mini wacce ce ke neman a haramta giya, wacce ce kuma ke neman a halatta ta.